Amsa ga 'yar'uwar da gabanta ke yawan faɗuwa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce tun da maigidanki ya rasa aiki gabanki ke faɗuwa, barci ya ƙaurace miki, ga ciwon kai ga ciwon ciki, kuma a asibiti an ce ba a ga komai ba, har wasu na cewa a nemi maganin iska. Na daɗe ina aikin jinya, wannan koken na sha jin sa, musamman a bakin mata masu ɗauke da nauyin gida. Ciwonki na gaske ne, kar ki bari a ce raki kike yi.

Ga abin da ke faruwa. Da zarar ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, sai ta aika saƙo ga wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda. Nan take su saki sinadarin adrenalin: zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sama-sama, tafin hannu ya jiƙe, jini ya bar hanji ya koma ga tsokar ƙafa da hannu don mutum ya gudu ko ya kare kansa. Bayansa kuma sai wani sinadarin mai suna kotizol ya biyo, ya ƙara suga a jini. Tun 1915 masanin Amurka Walter Cannon ya bayyana wannan shiri na jiki. Rahama ce daga Allah, da ita ake tsere wa maciji ko gobara.

Matsalar ita ce jiki ba ya bambance maciji da tunanin kuɗin haya. Maciji yakan wuce, haya kuwa tana nan kullum. Kamar janareto ne da aka bari yana ta aiki dare da rana ba hutu. A ƙa'ida kotizol da safe yake yawa, ya sauka da dare. Idan damuwa ta daɗe sai tsarin ya rikice, shi ya sa kike kwana ido biyu ki tashi a gajiye. A hankali jini na iya hawa, suga ya yi wuyar saituwa, garkuwar jiki ta yi rauni, al'ada ma takan rikice.

Abin da ya fi damuna shi ne hawan jini, don ba ya sallama. Ki riƙa awo ko a kemis ne, kina rubutawa. In kin ga yana kaiwa 140/90 a kai a kai, ki koma wurin likita da takardar. Ki roƙa a duba miki ƙarancin jini da maƙoƙo, domin su ma suna kawo bugun zuciya. Ciwon cikin kuma kar ki ɗora shi duka kan tunani. Yawancin olsa wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ko yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen.

Don Allah ki guji ƙwayar barci ko tiramadol ba da izinin likita ba. Na ga matan aure da suka faɗa shaye-shaye ta wannan ƙofa. Ki rage shayi da goro bayan la'asar, ki samu tafiyar ƙafa ta minti 30, ki ajiye waya bayan isha'i. Idan gaban ya faɗi, ki ja numfashi a hankali, ki fitar da shi a hankali fiye da yadda kika ja. Wannan na rage gudun zuciya. Addu'a da zikiri suna sanyaya rai, ki haɗa su da asibiti. Ki kuma sami wadda kika amince da ita ki amayar mata da abin da ke cinki.

Amma in kika ji ƙirji ya ɗaure, ko gefen jiki ya mutu, ko tunanin cutar da kanki ya zo miki, a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Allah Ya ba ki lafiya, Ya buɗa wa maigida.