Wane Littafin Jagora Zan Saya Kafin Hutun Tsibiri?

Tambaya: Ni da maigidana muna shirin zuwa hutu Zanzibar ko Maldibs. Ta yaya zan gane littafin jagora mai inganci?

Amsa: Malama, fara duba shekarar bugu a shafin farko. Idan ya haura shekara 3, ajiye shi, domin farashi da lokutan jiragen ruwa sun riga sun canja. Ki zaɓi wanda aka rubuta kan tsibirin kaɗai. Wanda ya haɗa yanki gaba ɗaya, shafi kaɗan zai ba ki kan tsibirin.

Sannan ki buɗe babin yanayi, nan ne ake gane marubucin da ya taka ƙasar. Littafin kirki zai gaya miki cewa Zanzibar na shan ruwan sama mai yawa daga Maris zuwa Mayu, kuma a gabashin tsibirin teku kan janye nesa, sai iyo ya gagara na wasu awanni. Na Maldibs kuwa, dole ya ambaci cewa yawancin jiragen ruwan haya na jama'a ba sa aiki ranar Juma'a. Mutane da dama sun maƙale saboda wannan.

Kada kyawun hotuna ya ruɗe ki. Taswira mai ma'auni da adireshin asibiti sun fi su amfani.