Ku Tambayi Lauya: Yarjejeniyar Dukiya Kafin Aure da Rabon Kadara Bayan Saki

Tambaya: Saura wata biyu a ɗaura mana aure. Wanda zan aura yana da kamfani da gidaje biyu, kuma lauyansa ya tsara takarda cewa idan auren ya mutu kowa ya tafi da abin da ke da sunansa. Ya ce mu sa hannu a makon biki. Ni kuma zan ajiye aikina bayan auren. In sa hannu?

Amsa: Malama, kada ki sa hannu a makon biki, kuma kada ki sa sai lauyanki na kanki ya karanta takardar. Lauyan ango aikinsa kare ango ne, komai kirkinsa.

Idan irin wannan takarda ta je gaban alƙali, kafin ya duba abin da ke cikinta sai ya fara tambayar yadda aka yi ta. Kowa ya bayyana dukiyarsa da basukansa a rubuce? Kowa ya sami shawarar lauyansa daban? An ba da isasshen lokaci, ko kuwa an miƙa biro ne bayan an raba katin gayyata, lokacin da kunya ba za ta bar mutum ya ce a'a ba? A Kalifoniya ta Amurka, doka ta ce sai an bar kwana 7 tsakanin miƙa wa mutum takardar ƙarshe da sa hannunsa. A Ingila, hukumar gyaran dokoki ta ba da shawara a 2014 cewa a kammala aƙalla kwana 28 kafin aure, kuma lauyoyin can suna bin wannan ma'auni duk da bai zama doka ba. Tun hukuncin Kotun Ƙolin Birtaniya na 2010 a shari'ar Radmacher da Granatino, kotunan Ingila suna mutunta yarjejeniyar da aka yi da yardar rai da cikakkiyar fahimta, sai idan aiki da ita zai zama zalunci. Wato gaggawar da angon naki yake yi shi ma tana iya cutar da shi, domin ita ce hujjar farko ta rushe takardar.

Abin da ya fi damunmu shi ne batun ajiye aiki. Sharaɗin "kowa da abin da ke da sunansa" yana kama da adalci, amma bayan shekara goma sha biyar shi yana da kamfanin da ya ninka, ke kuma ba albashi, ba fansho, ba suna a kan takardar gida. Ki nemi a rubuta abu uku ƙarara: wani kaso na abin da dukiyarsa ta ƙaru da shi a lokacin auren, ko kuɗi ƙayyadadde da ke ƙaruwa da yawan shekarun zama, haƙƙin zama a gidan aure na wani wa'adi bayan rabuwa, da sharaɗin sake duba takardar idan an haihu ko an koma wata ƙasa. A jingina jerin kadarorin kowa da ƙimarsu da ranar da aka ƙimanta su, kowa ya sa hannu a kowane shafi.

Tambaya: Na ji ana cewa a ƙasashen waje da an yi saki ake raba komai biyu. Haka ne?

Amsa: Malam, ya danganta da inda aka yi auren da inda aka shigar da ƙara. Jihohi 9 ne a Amurka, ciki har da Kalifoniya da Teksas, suke ɗaukar abin da aka samu a lokacin aure a matsayin na biyun; sauran suna rabawa ne bisa abin da alƙali ya ga ya dace. A Faransa, idan ba a yi wata yarjejeniya ba, abin da aka tara bayan aure na tarayya ne, amma gado da abin da kowa ya shigo da shi suna nan ga mai su. A shari'ar Musulunci aure ba ya haɗe dukiya: kowa da nasa, sadaki na matar ne, kuma wanda ya ce yana da hannu a kadarar ɗayan sai ya kawo hujja. A Najeriya, ga auren rajista, sashe na 72 na dokar shari'o'in aure ta 1970 ya ba kotu ikon raba kadara yadda ta ga adalci ne.

Afirka ta Kudu tana da wani tsari na dokar 1984 da ya cancanci a fahimta, domin ana iya kwaikwayonsa a yarjejeniya. Ana auna ƙaruwar da kowa ya samu ne kawai. Mu ce miji ya shigo da miliyan 10, ya kai miliyan 90 ranar rabuwa: ƙaruwarsa 80. Mata ta shigo da 5, ta kai 25: tata 20. Bambancin 60 ne, don haka zai ba ta 30. Tarkon da ke ciki shi ne wanda ya kasa tabbatar da abin da ya shigo da shi, sai a lissafa masa kamar bai shigo da komai ba.

Tambaya: Na gaji gida kafin aure. Zai iya shiga rabo?

Amsa: A yawancin dokoki gado na mai shi ne, amma cakuɗawa ke ɓata shi. Idan aka sayar da gidan aka zuba kuɗin a asusun haɗin gwiwa inda albashin biyu ke shiga, ana cire kuɗin makaranta da na haya daga ciki, bayan shekara biyar da wuya a nuna wa alƙali wane kuɗi ne na gado. Haka nan idan an sa sunan abokin zama a takardar mallaka, kotuna da yawa za su ɗauke shi kyauta. Idan kuma an gyara gidan ko an ƙara masa bene da kuɗin ɗayan, yana iya neman kasonsa na ƙarin darajar. A buɗe wa kuɗin gado asusu na daban, a adana takardar rabon gado da rasit na kowane gyara, kuma idan ɗayan ya ba da kuɗi, a rubuta tun a lokacin ko bashi ne ko kyauta.

Tambaya: Za mu iya rubuta wanda zai riƙe 'ya'ya idan mun rabu?

Amsa: Kuna iya rubutawa, amma ba zai ɗaure hannun kotu ba. Riƙon yaro da ciyar da shi haƙƙin yaron ne, iyaye ba su da ikon yafe shi a madadinsa, kuma alƙali zai duba maslaharsa ne a ranar da ake shari'ar.