Shin Sikotilan za ta iya shirya ƙuri'ar ɓallewa ba da yardar Landan ba?

Malam, ka tambaya ko majalisar Sikotilan na da hurumin shirya ƙuri'ar raba gardama kan ɓallewa daga Birtaniya. Ba ta da shi. Dokar 1998 da ta kafa majalisar ta ba ta iko kan lafiya da ilimi, amma batun haɗin kan ƙasa yana hannun Landan. Ko ƙuri'ar 2014 sai da Firaministan Birtaniya na lokacin, David Cameron, ya sa hannu kan yarjejeniya da shugaban gwamnatin Sikotilan, Alex Salmond, kashi 55 suka ce a zauna tare. Kotun Ƙolin Birtaniya ta tabbatar a Nuwamba 2022 cewa majalisar ba ta da wannan hurumi sai da yardar Landan.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a 2016 kashi 62 na masu zaɓe a Sikotilan sun so zama cikin Tarayyar Turai, amma aka fita da su.