Takardun rangwamen cefane a Amurka: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ban daɗe da tarewa a Bronx ta birnin New York ba, ni da maigidana da yara uku. Kuɗin cefane yana cin mu. Maƙwabciyata tana biya da takardun rangwame, ni kuwa na tara su cike da jaka amma a gaban mai karɓar kuɗi sai in ga wa'adinsu ya wuce ko ba su dace da abin da na ɗauko ba. Yaya zan tsara su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin maganar tsari, ki san dalilin da ya sa ake ba ki takardar. Talla ce. Kamfanin Coca-Cola ne ya fara raba irinta a 1887, yana ba mutane kofi ɗaya kyauta don su saba da lemonsa, kuma har yau manufar ke nan: a ja ki zuwa ga kayan da ba ki yi niyyar saya ba. Saboda haka ki fara rubuta abin da gidanki yake buƙata a makon, sannan ki duba wace takarda ce ta dace da shi. Wadda ba ta dace ba, ki jefar ko ki ba wata.

Takardun iri biyu ne, kuma a nan ne yawancin baƙi suke ruɗewa. Akwai ta kamfanin da ya yi kayan, wadda za ki iya kaiwa duk kantin da yake karɓa. Akwai ta kanti, wadda ba ta aiki sai a wannan kantin. Kantuna irin su Target da CVS da Walgreens suna yarda a haɗa guda ɗaya ta kamfani da guda ɗaya ta kanti a kan kaya ɗaya. Ribar gaske tana fitowa ne idan kika yi haƙuri har kantin ya karya farashin kayan. A ce sabulun wanki na dala 12 ne, a wannan makon an mayar da shi dala 9. Kin miƙa ta kamfani ta dala 2, kin ƙara ta kanti ta dala 1, kin biya dala 6. Da kin yi gaggawa a makon da ya wuce, dala 9 za ki biya da takardun nan biyu. Aldi da Costco kuwa ba sa karɓar takardar kamfani, kada ki wahalar da kanki.

Tsarin ba ya buƙatar wani babban fayil. Ambulan uku sun isa: na abinci, na kayan wanka da wanki, na kayan yara. A cikin kowanne ki sa mai kusa da ƙarewa a gaba. Ranar da za ki fita, ki ware waɗanda za ki yi amfani da su ki maƙala su a jikin takardar cefanenki. Ki karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa tun a gida, domin a nan ake faɗin girman kwalin da ake nufi, ko a ce sai kin sayi biyu. Yanzu ma yawancin rangwamen ya koma waya: ki yi rajistar katin kantin da kike zuwa, ki buɗe manhajarsa ki latsa rangwamen kafin ki isa wurin biya, in ba haka ba ba zai fita ba. Kuma kada wani ya ba ki takardar da aka yi wa hoto a inji, zamba ce a dokar ƙasar.

Abin da nake so ki riƙe sosai shi ne, girkinmu bai cika samun rangwame ba. Da wuya ki ga takarda a kan naman halal, ko manja da daddawa da garin tuwo na kantunan 'yan Afirka. Takardun sun fi yawa a kan kunzugun jarirai, man goge baki, sabulu da abincin kwali. A kan ukun farko za ki ci moriyarsu. Abincin kwalin kuwa sai kin duba abin da aka haɗa shi da shi, don wasu alawowin yara da kayan zaƙi suna ɗauke da sinadarin jelatin, wanda galibi daga alade ake samo shi.

A ɓangaren shinkafa da mai da wake, ki dogara da ƙaramin farashin da ke rubuce a gefen kantar ajiye kaya, wanda yake nuna kuɗin kowane awo. Sau da yawa kayan da ke ɗauke da sunan kantin sun fi na babban kamfani araha ko da an cire rangwamen. Babban buhu kuma, in kun haɗa kuɗi ke da maƙwabciyar taki kun raba, zai rage miki fiye da abin da takardun wata guda za su rage a kan abinci.