Sadarwa tana yankewa bayan kowane wanki, in naɗe mahaɗan waya da leda?

Tambaya: Injiniya, ni ke kula da na'urori a wata masana'antar sarrafa madara. Kusan kullum da asuba, bayan masu wanki sun tashi, PLC ɗin injin cika kwalabe, wato kwamfutar da ke sarrafa shi, sai ya daina ganin na'urorin da ke kan layi, sai hantsi ya dawo da kansa. Dillalin da ya sayar mana ya rantse kayan IP67 ne, ruwa ba ya shigarsu. Manaja kuma ya fara ɗora mini laifi. Wani ya ce in naɗe mahaɗan da leda da salatif. In yi?

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka, amma kada ka kusanci ledar nan. Matsalar da ke zuwa bayan wanki ta tafi idan wuri ya bushe, danshi ne a cikin mahaɗi.

Dillalinka bai yi ƙarya ba, rabin magana ya faɗa. IP67 na nufin an nutsar da abu cikin ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Ruwa ne a kwance, ba zafi, ba matsi. Masu wankinka kuwa da tiyo suke feshi. Gwajin da ya yi kama da aikinsu shi ne IP69K: ruwa mai zafin digiri 80, matsi mai ƙarfin "bar" (ma'aunin matsi) 80 zuwa 100, daga nisan santimita 10 zuwa 15. Kuma ko shi bai ce komai ba game da soda mai ƙuna da asid ɗin da ake wanki da su, waɗanda ke cin robar da ke toshe bakin mahaɗi a hankali.

Sai batun leda, wanda wallahi ya ishe ni. Ina shiga masana'antu in tarar da mahaɗai a ɗaure tamau, wasu har an shafe su da gam, mai aikin yana alfahari wai ya kare su. Ruwa fa ba sai an watsa shi yake shiga ba. Ruwan zafi ya ɗumama akwatin na'ura, ɗakin sanyi ya huce shi, iskar ciki ta tsuke, sai ta zuƙo danshi ta kowace 'yar kafa. A cikin leda wannan danshin ba shi da hanyar fita. Da can mahaɗinka yana bushewa da hantsi. Ka naɗe shi, zai kwana ya wuni cikin raɓa har tsatsa ta cinye ƙafafunsa. Wannan ma asarar kaya ce kawai. Abin tsoron shi ne ƙasan salatif wuri ne da sinadarin wanki ba ya kaiwa, ga laima, ga ragowar madara. Ƙwayar Listeria irin wurin nan take so, kuma tana hayayyafa har a sanyin firji. Ga shi dab da bakin injin cika kwalabe, abin da jarirai da masu juna biyu za su iya sha. Duk wanda ya ba ka shawarar nan, bai taɓa tsayawa gaban masu binciken tsafta ba.

Abin yi: da asuba, kafin wuri ya bushe, buɗe shafin switch ɗinka, wato na'urar da wayoyin sadarwa ke haɗuwa a cikinta, ka ga wace kafa ce ke tara kurakurai ko take faɗuwa. Idan irin na ofis ne da ba ya nuna komai, shi ma ciwo ne. Duk inda ka ga RJ45, wato mahaɗin wayar kwamfuta irin na ofis, a filin wanki, cire shi, ka sa M12, mahaɗi mai zagaye da ake murɗawa, na ƙarfe mara tsatsa: mai alamar D don saurin sadarwa na megabit 100, mai X don gigabit. A ɗaure shi da sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, don da hannu ba ya matsuwa yadda ya kamata. Kafar da ba a amfani da ita a rufe ta da murfinta. Waya ta shiga akwati ta ƙasa, akwatin kuma a sa masa matoshi mai barin iska ta wuce ya tare ruwa.

Idan sashen saye ya kawo maka mai araha wai duk ɗaya ne, ka ce su kawo takardar gwajin IP69K da jerin sinadaran da kebul ɗin ke jurewa, ka gwada da wanda kuke wanki da shi kafin ka sa hannu.