Yaya, Sai Kuɗin Sun Bar Banki Tukuna

Yaya, ina gaisuwa. Da fatan kasuwa tana motsi, kuma Umma ta samu sauƙin ƙafar.

Na saurari saƙonka. Ka ce autanmu ya shaida muku tun kafin azumi cewa banki ya yarda zai ba shi bashin gida, ga shi har an yi Sallah babu gida babu dalilinsa, aiken wata-wata ya ragu, kuma yanzu ya dawo yana cewa kuɗin ruwan da aka rubuta masa a takarda zai iya tashi. Ka ce ko dai an damfare shi, ko shi ne yake yi muku kwana-kwana. Ko ɗaya babu. Haka sayen gida yake a nan Ayalan (Ireland), kuma duk namu da ya bi ta wannan hanya ya yi irin wannan zaman jiran.

A ƙasar nan farashin ruwa ba ya tsayawa sai ranar da kuɗin suka bar banki suka shiga asusun lauyan mai saye. Ka fi ni sanin Wapa. In ka buga wa ɗan canji da safe ya ce maka dala kaza ce, ka iso da la'asar, farashin da ka tarar lokacin da ake ƙirga kuɗin shi ne naka, maganar safe ta bi iska. To takardun da auta ya tara a hannu duk maganar safe ce.

Ta farko, wadda ya yi muku albishir da ita, amincewa ce ta share fage. Banki ya duba albashinsa ya ce in komai ya tafi daidai zai iya ba shi har zuwa kaza. Babban Bankin Ayalan ne yake yanka iyakar: tun Janairun 2023 mai sayen gidan farko yana iya cin bashin da ya kai ninki 4 na albashinsa na shekara, kuma dole ya kawo kashi 10 cikin 100 na kuɗin gidan daga aljihunsa. Da wannan takarda ake zuwa taya gida. In an sallama masa, sai ya ba dillali kafin alƙalami, amma har a nan kowa yana iya fasawa a mayar masa da kuɗinsa. Daga nan banki ya aiko da ainihin tayin bashi, kwafi ɗaya gare shi, ɗaya ga lauyansa. A ciki ne ake rubuta, misali, ruwa kashi 3.5 tsayayye na shekara 5. Wannan lambar ce take yaudarar mutane. A cikin sharuɗɗan akwai layin da yake cewa farashin da za a ɗora maka shi ne wanda banki yake bayarwa ranar da ya saki kuɗin.

Kuma sakin yana da ranarsa takamaimai. Ranar da lauya ya tura buƙatar a saki kuɗi ba ta shiga lissafi, domin banki yana ɗaukar kwanakin aiki yana bin takardu ɗaya bayan ɗaya. Ranar karɓar makulli ita ma ba ita ba ce, takan biyo baya da kwana ɗaya ko 'yan kwanaki. Ranar da kuɗin suka fita daga banki ita ce, kuma daga ita ruwa yake fara hawa, ko da mutum yana kwance a gidan hayarsa. Za ka ce to me zai hana lauya ya karɓo kuɗin tun da wuri ya ajiye, ya kulle farashi? Ba a yarda ba. Lauyan ya sa hannu a alƙawarin da ya ɗaukar wa banki cewa kuɗin na wannan cinikin ne kawai, in cinikin bai kammala cikin ɗan lokaci ba dole ya mayar da su. Babu lauyan da zai sa lasisinsa a kasada saboda mu.

Wannan magana ba ta dami kowa ba shekarun da ruwa yake kwance. Sai a Yulin 2022 Babban Bankin Turai da ke Frankfurt ya ɗaga farashinsa, karo na farko tun 2011. Bai tsaya ba sai da ya ɗaga sau 10 a jere, daga sifili ya kai kashi 4.5 a Satumban 2023. Bankunan nan, irin su AIB da Bank of Ireland da Permanent TSB, suka riƙa bin sahu. Al'adarsu ita ce in za su ƙara, sai su ce wanda ya riga ya samu amincewa, in aka saki kuɗinsa kafin rana kaza, zai ci tsohon farashi. Wa'adin bai cika wuce 'yan makonni ba. Ka ga mutum yana hutun rabin rana a wurin aiki, abinci yana hucewa a gabansa, yana buga wa sakatariyar lauya waya, ya kashe ya buga wa dillalin bashi, ya kashe ya buga wa asibitin likitansa.

Kada ka raina rabin kashi. A bashin yuro 300,000 na shekara 30, ruwa kashi 3 yana sa biyan wata ya kama wajen yuro 1,265, kashi 3.5 kuwa wajen 1,347. Bambancin yuro 82 ne a wata, a shekara 5 ya doshi yuro 5,000. Ka juya shi zuwa naira da kanka. Gaskiya kuma abin yana da fuska biyu: da Babban Bankin Turai ya fara sassautawa a Yunin 2024, wanda cinikinsa ya yi jinkiri har bankinsa ya rage farashi, ragin ya ci.

Na ambaci likita, za ka yi mamaki. Dokar ba da bashi ta 1995 ta wajabta wa banki ya tabbatar mai cin bashin gida yana da inshorar rai da za ta biya ragowar in ya rasu, sai 'yan kaɗan da aka keɓe. Kamfanin inshora yana tambayar lafiyarka dalla-dalla. In ka rubuta hawan jini ko ciwon suga, sai su nemi rahoto daga likitanka, rahoton kuma yana iya yin makonni a kan tebur. A ganina wannan ne ya fi kayar da mutanenmu, don muna barinsa sai ƙarshe, wasu ma zuciyarsu ba ta kwanta da inshorar rai ba tun asali. Bayan ita akwai inshorar gidan kansa, da takardar kimanta darajarsa wadda ba a so ta wuce wata 4 ranar saki. In ta tsufa a sake biya a sake yi. Wani bankin yakan nemi takardar albashi ta kwanan nan ya tabbatar har yanzu kana bakin aikinka.

Na auta ya fi wannan wuya, domin sabon gini ya saya. Hayar Dublin ta haura yuro 2,000 a wata ga wanda zai kama sabuwar haya, shi ya sa namu da yawa suke fita wajen Balbriggan, Drogheda, Navan ko Portlaoise inda ake sababbin unguwanni. Sai dai banki ba ya sakin kuɗi a kan gidan da ba a gama ba. Sai magini ya kammala, an haɗa wuta da ruwa, an kawo mai duba gini ya zagaya ya rubuta ƙofar da ba ta rufuwa da tayil ɗin da ya tsage, an gyara. Magini ya ce Maris, ya koma Yuni. A tsakanin nan tayin bashin ma yana iya ƙarewa a sake sabon lale, da sababbin takardu.

In ka tambayi abokinka na Birmingham zai ce maka ba haka ba ne, kuma bai yi ƙarya ba. A Ingila farashin da aka rubuta a tayin bashi yakan zauna har tsawon wa'adin tayin, galibi wajen wata 6. Tsallaken ruwa kaɗan ne tsakaninmu, amma tsarin ba ɗaya ba.

Yanzu maganar aike. Banki yana karɓar bayanan asusun mutum na wata 6 ya karanta layi-layi. Kuɗin da yake fita gida duk wata a idonsu nauyi ne da zai rage ƙarfin biya. Zubin adashe kuwa, da mu muka san tanadi ne, su sai su ga kuɗi suna tafiya asusun wata mata duk ƙarshen wata, sannan wata rana dunƙule ya faɗo, su ce a yi bayani. Shi ya sa mai shirin sayen gida yakan janye daga adashe, ya rage aike, ba ya cin bashin mota, ba ya sauya wurin aiki ko da an yi masa tayi mai tsoka, domin sabon ma'aikaci yana zaman gwaji kuma banki ba ya son wannan. Yawanci 'yan'uwa ne suke rufa masa. Na watannin nan ni zan cike, ka gaya wa Umma kada ta sa komai a ranta. Kuskuren auta ɗaya ne, saurin baki. Mu a nan ba a sanarwa sai makulli ya zo hannu, sannan a kira jama'a a yi addu'a a ci shinkafa a falon da ko kujera babu.

Na san abin da yake ƙasan tambayarka, ko da ba ka furta ba: riba. Kanmu a rabe yake, kuma kowane ɓangare akwai masu tsoron Allah. Majalisar Fatawa da Bincike ta Turai, wadda Sheikh Yusuf al-Ƙaradawi ya shugabanta, ta zauna a nan Dublin a 1999 ta ba da fatawar cewa Musulmin da ba shi da gidan kansa, kuma ba shi da wata hanyar saye, yana iya cin irin wannan bashi don gidan da zai zauna da iyalinsa, saboda buƙata. Malamai da dama ba su yarda da ita ba, har gobe. A Ingila akwai bankuna irin su Gatehouse da suke sayen gida tare da kai kana biyan haya kana sayen kasonsu a hankali, mu nan ba mu samu wannan a manyan bankunanmu ba. Saboda haka akwai dattawanmu da suka shekara ashirin a haya, suka zuba kuɗinsu a gini a Kano ko Kaduna, kuma ba wanda yake ganin wautarsu. Akwai kuma waɗanda mai gida ya ba su takardar tashi da yara a makaranta, suka ce sun gaji. Ni ba malama ba ce. Abin da na sani shi ne auta ya tambayi malamai kafin ya sa hannu, kuma ba ya cikin masu ɗaukar abin da wasa. In za ka yi masa magana a kai, ka yi masa ita kai tsaye, zai saurare ka.

Sai gudummawar da ka ce kana so ka ƙara masa. Allah ya saka da alheri, amma kada ka ba kowa ya riƙo masa a hannu, kuma kada ka bi ta asusun wani ɗan kasuwa. Banki da lauya duka za su tambayi asalin kowane dunƙulen kuɗi da ya shigo. Ka tura daga asusunka mai sunanka, ka ajiye rasit. Akwai takardar da za ka sa wa hannu cewa kyauta ce, ba rance ba, kuma ba ka da kaso a gidan. Zan turo maka ita ta WhatsApp, ka buga ta, ka sa hannu irin na fasfo ɗinka, ka haɗo da hoton shafin farko na fasfon. In da hali a yi cikin makon nan, don lauyan ba zai nemi a saki kuɗi ba sai ta shiga fayil.

A gaida Umma da su Yaya Babba da yara.