Na'urar matse lug ta daina kai matsi: mai ne ko haƙora?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da na'urar haidirolik ta hannu da nake matse lug, wato ƙarfen nan mai ramin ƙusa da ake ɗaure waya da shi, a bakin kebul. Kwanan nan sai in yi ta bugun hannun amma fistan ba ya tafiya sosai, kuma wani lug da na matsa a kebul mai 95 mm² yana ɗaukar zafi. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka kawo biyu ne, amma alamu sun nuna ɗaya ce ta haifi ɗayar: na'urar ba ta kai ƙarshen matsinta, shi ya sa lug ɗin bai kama wayar ba. Zaren wayar da bai haɗe da jikin lug ba yana tauye wa wuta hanya, can kuma zafi yake taruwa. Yanke shi ka sa sabo.

Idan hannun ya yi laushi kana bugawa, yawanci iska ce ta shiga ko mai ya ragu. Mayar da fistan baya gaba ɗaya, ka juya kan na'urar ƙasa, ka buɗe ma'ajiyar man da ke cikin hannu. Ka bar bawul ɗin saki a buɗe ka buga sau da yawa har kumfa ta daina fitowa, sannan ka cika. Man haidirolik mara kauri da kamfanin ya rubuta za ka zuba. Kada a ruɗe ka da man birki, yana cinye robobin da ke tare mai. In fistan ya tafi sannan ya riƙa zamewa baya, to datti ya maƙale a bawul ko roba ta mutu, sai an kwance.

Yawancin irin waɗannan na'urori suna aiki ne a matsin da ya kai wajen bar 700 (bar ma'aunin matsi ne). Masu bawul ɗin kariya za ka ji ƙas, hannun ya saki, in matsi ya cika. Kafin wannan ƙarar aiki bai ƙare ba, komai kyan da lug ya yi a ido. In taka ba ta da wannan bawul, tsaya da zarar haƙoran biyu, wato ƙarafan bakin na'ura da ke matse lug ɗin, sun haɗu, ƙarin bugu lalata na'ura ne kawai.

Duba haƙoran ma. Kebul 95, lug 95, haƙori kuma wanda aka yi wa irin lug ɗin, domin kaurin bututun lug ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Haƙori ya yi girma, wayar za ta zare in ka ja ta. Ya yi ƙanƙanta, za ka ga ƙarfe ya fito gefe biyu kamar fiffike. In matsi biyu ko uku lug ɗin yake buƙata, fara daga wajen ramin ƙusa ka gangaro wajen kebul. Wayar alminiyam kuwa lug nata daban ne, kada ka sa mata na jan ƙarfe.

Bayan aiki ka saki fistan ya koma, ka goge haƙora, ka ɗan shafa musu mai saboda tsatsa. Kada ka buga ba haƙora a ciki, kada ka matsa kebul mai wuta, kuma kada ka laluɓi yoyo da yatsa na'ura tana ɗauke da matsi, don man yana iya huda fata ya shige, wannan kuma sai asibiti nan take.